Motar Kofur da Igiyar 'Yan Golmo

Wata Asabar ce a tsakiyar damina, 'yan shekaru kaɗan kafin Turawa su miƙa mulki, ranar da motar babanmu ta kafe a rafin da ke tsakanin gidanmu da gona. Ban fi shekara tara ba a lokacin, ina zaune a kujerar gefe rungume da ƙwaryar tuwon dawa da za mu kai wa masu noma. An kwana ana ruwa, rafin ya kawo ya janye ya bar laka mai santsi, amma Baba ya ce a yaƙi ya ƙetare kogunan da suka fi wannan. Muna kaiwa tsakiya ƙafafun gaba suka nutse, injin ya yi tari ya mutu, jan ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa yana taɓa mini yatsun ƙafa. Sai na ɗaga ƙwaryar bisa kaina, don a ganina tuwon ne abin da ya kamata a ceta.

Jikata Rifkatu ce ke rubuta wannan, ni ban san ko baƙi ɗaya ba. Tun da mijina Bawa ya rasu bara nakan zauna a bakin ƙofa in yi shiru, hawaye su zubo ba tare da na kira su ba, kuma ban jin kunyar kowa a kansu. Rifkatu ta tambaye ni abin da nake kallo idan na yi irin wannan shirun. Na ce ta kawo alƙalaminta, domin wannan rafin nake kallo, kuma a nan na fara ganin kakanta.

Babanmu tsohon soja ne, kamar mazan gidaje da yawa a Zuru. Direba ne a soja, har ya dawo gida ya tsufa ba wanda ke kiransa da sunansa sai Kofur, har da Inna mahaifiyarmu. Motar kuwa wani Bature mai duba shanu ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, saboda ta tsufa kuma Baba ne ya daɗe yana gyara masa ita. Ƙarama ce, ja, mai dogon hanci, kujerunta biyu kacal, ba ta da rufi sai wani tanti da ya yage, ƙafafunta kuwa masu waya kamar na keke. Baba ya ce a can da irinta samarinsu ke tsere. A gidanmu ba ta yi tsere da kowa ba. Ta ɗauki buhun gyaɗa, ta ɗauki akuya mai ciwo, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashin kujerarta. Aikina ne kowace safiya, bayan na ɗebo ruwa na kuma kora awaki, in goge mata raɓa da tsumma. 'Yan makarantar mishan sukan tsaya a bakin darni da allunansu suna leƙenta, ni da ban taɓa shiga aji ba sai in riƙa goge fitilar a hankali don su daɗe suna kallona. Da yamma idan mun gaji da langa da 'yar carafke, ni da ƙawayena mukan hau mu zauna, ɗaya ta riƙe sitiyari, sauran mu yi ƙarar inji da baki, mu tafi Kontagora mu dawo ba mu bar gindin rumbu ba.

Waɗanda muke kai wa tuwon ranar 'yan golmo ne. Golmo a wurinmu shi ne noman da saurayi ke yi wa uban yarinyar da yake so, shi da abokansa, damina bayan damina, kafin a ba shi ita. Baba yana zuwa coci, amma bai bar wannan ba, ya ce yana son ya ga bayan namiji a kunya kafin ya miƙa masa 'yarsa. Shekarar ce ta ƙarshe ga Tanko, mai neman yayata Saratu. Da suka ji ihuna sai ga su sun gangaro daga gona a guje, da walkinsu na fata, jikinsu duk ƙasa, ɗaya yana jaye da doguwar igiyar rama. Wani ya ɗauke ni da ƙwaryata ya dire ni a kan gaɓa. Baba bai sauko ba, ya zauna riƙe da sitiyari don ya daidaita motar idan an ja, ya ɗaga murya ya ce a ɗaura igiyar a ƙarfen gaba. Hancin motar yana cikin ruwa, ba a ganin komai. Ƙaramin cikinsu, wani siririn saurayi mai wushirya, shi ya kama bakin igiyar ya nutse. Ya ɗan jima a ƙasa yana lalube, ya taso yana furzar da ruwa, laka ta rufe masa fuska sai idanu. Na fashe da dariya. Ya dube ni ya ce, "Ke dai riƙe tuwonki, kada ki zubar mana." Wannan shi ne Bawa.

Suka jeru a igiya kamar yadda suke jeruwa a kunya, mai waƙarsu ya ɗauko waƙar noma da yarenmu, suka ja tare. Da farko motar ta ƙi. Suka ƙara waƙa, suka kafa dugadugai, Tanko yana gaba don ya san surukinsa na kallo. Can sai laka ta yi wani irin tsotso ta sake ta, motar ta fito tana zubar da ruwa ta ko'ina. An yi murna, an yanke igiyar da wuƙa saboda ƙullin ya ƙi kwantuwa, aka ci tuwo a bakin rafin. Injin bai tashi ba, ruwa ya shige shi, don haka suka turo ta har gida aka sa ta a rumfa.

Washegari Baba bai tashi ba. Jiya ya wuni cikin jiƙaƙƙun kaya, zazzaɓi ya kama shi, irin wanda ya taho da shi daga yaƙi yake dawo masa jefi-jefi, amma wannan ya fi na kullum. Ya yi makonni a kwance. Yana rawar sanyi da rana tsaka, yana magana da mutanen da ba ma gani, yana kiran sunayen da ba mu sani ba. Inna tana dafa masa ganye, ana karɓo masa ƙwayoyi masu ɗaci daga asibitin mishan, ni kuma ina zaune ina kore masa ƙuda da reshen ɗorawa. Har aka gama maimai, dawa ta fara ciki, sannan ya soma zama. Ya rame, kunnuwansa na ƙara, idan ya ɗauki kofin kunu sai ka ga kunun yana rawa.

A unguwarmu akwai Baba Audu, wanda suka je yaƙi tare. Shi ya dawo da jikinsa lafiya amma kansa bai dawo duka ba. Yakan kama hanyar kasuwa sak, sai ka ga ya karkata ya shiga gonar mutane, ya tsaya yana mamakin yadda ya zo nan. Babanmu ne ke zuwa ya kamo hannunsa ya mayar da shi gida. Ba a taɓa yi masa dariya a gidanmu ba. Amma na sha ganin Baba yana bin sa da kallo ya daɗe, kamar mai duba hadari.

Ana cikin haka saƙo ya zo daga asibitin mishan. Baturiyar da ke kula da wurin ta ce za a kawo musu motar ɗaukar marasa lafiya da zarar ruwa ya ɗauke hanya ta buɗe, kuma Kofur suke so ya tuƙa ta. Inna ta yi ta godiya ga Allah. Baba ya ji ƙarfi, ya fito da sifanoninsa daga akwatin soja, ya zubar da tsohon man injin da ya zama kamar kunu, ya shanya abin da ke shanyuwa, ya goge abin da ke goguwa. Ranar da ya juya hannun tayarwa motar ta amsa, har Kaka, mahaifiyarsa, ta fito daga ɗaki tana guɗa. Ya ce in hau mu zaga.

Ba mu yi nisa ba na ga fuskarsa ta canja. A cikin unguwa, da ake tafiya a hankali, ba a jin komai. Amma muna hawa miƙaƙƙiyar hanyar Rikoto ya ɗan taka, sai motar ta fara neman hagu. Ya dawo da ita, ta zarce dama. Ya sake dawo da ita, ta sake zarcewa. Ko ƙaramin rami ta taka sai ta bi shi, kamar akuyar da ta hango ganye. Wata mata mai ɗauke da itace ta jefar da kayanta ta faɗa ciyawa, muka wuce ta da ƙyar, muka ƙare da ƙafa ɗaya a kunyar gyaɗar wani. Baba ya kashe injin. Bai sauka ya duba motar ba. Hannayensa ya ɗaga ya kalla, suna rawa kaɗan-kaɗan, ya jima yana kallonsu, sannan ya sa su tsakanin gwiwoyinsa.

Kafin yamma magana ta zaga. Wasu suka ce Kofur ya koma wa burkutu, alhali ya bar ta tun ban yi wayo ba. Kaka ta ce iskokin rafi ne suka shiga motar, don ba a shiga musu gida da ƙarfe mai wuta a fita haka nan, a ba ta baƙar kaza ta san abin yi. Wata rana kuma sai ta ce ai ubangidanta Bature motar take nema, shi ya sa take leƙa kowace hanya. Baba bai yi musu da kowa ba. Ya sake gwadawa da sassafe lokacin da babu mutane, ya dawo ya zauna a gindin rumbu bai karya ba. Babu wata mota a kusa da zai hau ya gwada kansa, manyan motocin da ke zuwa sun daina saboda ruwa, kuma ko da akwai wani direba, kunya ba za ta bar shi ya ce zo ka gaya mini ko ni ne ba. Abin da ya tsaya masa shi ne, kafin ya kwanta motar lafiya take, bayan ya tashi ta zama haka, ita kuwa tana rumfa ba wanda ya taɓa ta. To wa ya canja? Ina tankaɗe a bayan zana na ji yana gaya wa Inna cewa haka na Audu ya fara. Ya ce ran Litinin zai je ya shaida wa Baturiyar ta nemi wani. "Ba zan ɗauki mace mai naƙuda da hannun da ba ya jin maganata ba," in ji shi.

Inna ba mai yawan magana ba ce. Ba ta lallashe shi ba, ba ta ce ƙarya yake yi ba. Da gari ya waye ta ɗauki tsintsiya kamar kullum, ta share tsakar gida, ta zo wurin da motar ta shigo jiya a kan jiƙaƙƙen yashi, sai ta tsaya. Ta kira shi. Ta ce ita shekara da shekaru take share sawun motar nan, da can yakan fito fes, har zanen tayar ake gani, yanzu kuwa ga shi na gaba ya murje yashin ya ture shi gefe, kamar an ja buhu. "Kofur," ta ce, "kafin ka yanke wa hannunka hukunci, ka duba ƙafarta tukuna." Ta ci gaba da shara.

Ya tsuguna ya daɗe a kan sawun. Sannan ya ce in ɗauko masa famfon buga taya. Ranar ban je kiwo ba, Saratu ce ta kora awakin tana gunaguni. Ya fara da iska, ya ce mota takan yi yawo idan taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta taushi. Ya buga wa kowace, yana danna ta da babban yatsa yana ƙwanƙwasa ta da sifana yana saurare, har suka yi daidai. Muka fita hanya, ba abin da ya canja. Muka dawo ya ɗaga ta da jak, ya tokare da guntun itace da tsohon turmin Inna, ya mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya. Da ya ciro na gaban ya shafa su da tafin hannu, ya nuna mini yadda gefen ciki ya fara cinyewa yana kaushi, na waje kuwa lafiya. Na ga ya ɗan gyara zama. Kafin ya sauke ta, ya kama kowace ƙafar gaba sama da ƙasa ya girgiza, ya kama hagu da dama ya girgiza, yana kasa kunne ko zai ji wani abu na ƙwanƙwasawa. Ya bi wayoyin ƙafar ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su kamar mai gurmi, ya ɗaure waɗanda suka yi sako-sako.

Daga nan ya sa ni a kujerarsa, a karo na farko ba da wasa ba. Ya ce in riƙa juya sitiyarin kaɗan hagu kaɗan dama, kada in tsaya sai ya ce. Shi kuma ya buɗe hancin motar ya sunkuya yana duban akwatin da sandar sitiyarin ke shiga. Ya ce akwai ɗan wasa a ciki, sitiyarin na motsi kafin ƙafa ta amsa. Ya sassauta wani noti, ya ɗan matsa abin da ke ciki, ya ɗaure, ya cika shi da mai. Na ji sitiyarin ya ƙara nauyi a hannuna. Muka fita muna sa rai. Ta ɗan yi dama, amma da muka hau miƙaƙƙiyar hanya ya taka, sai ta sake neman daji. Muka juyo gida. Ya tsayar da ita a rumfa, ya zuba sifanonin a akwati ba tare da ya goge su ba, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Inna ta kawo masa ruwa, ya ce mata ya duba, kuma ga shi nan. Ita kuwa ta ce sawun dai bai canja ba, ta je ta gani.

Washegari Asabar, saura Lahadi a tsakani. Da hantsi ina wanke-wanke na ga ya nufi darni ya zaro wani dogon karan dawa busasshe, miƙaƙƙe. Ya tura motar zuwa inda ƙasa ta fi daidai, ya miƙar da ƙafafunta, ya kira ni. Muka kwanta rub da ciki a gabanta. Ya ce in riƙe bakin karan a jikin ƙafar hagu ta gefen gaba, shi ya kai ɗaya bakin jikin ta dama, ya yanke shi da wuƙa har ya shiga tsakaninsu cif. Sannan muka zagaya da shi bayan ƙafafun, wurin da ya yi daidai da na farko. Karan ya ƙi shiga. Ya yi tsawo, ba da ɗan kaɗan ba, ya kai faɗin yatsu biyu ko fiye. Ya sake aunawa, ya sake. Ya ce, "Ladi, kin gani? Bakinsu a buɗe yake. Wannan na son hagu, wannan na son dama." Ya ce ƙafafun mota na gaba kamata ya yi su dubi wuri ɗaya, har ma su ɗan karkato wa juna kaɗan, idan suka juya wa juna baya to duk wadda ta fi samun ƙasa ita za ta ja motar. Muryarsa tana rawa da yake faɗa, amma ba irin rawar zazzaɓi ba.

Ya shige ƙarƙashinta da baya. Akwai wata siririyar sandar ƙarfe a can ciki da ke haɗa ƙafafun gaba biyu don su juya tare, tana bayan babban ƙarfen da ke ɗauke da nauyin motar. Lakar rafi ta bushe a kanta ta yi kauri, shi ya sa jiya bai ga komai ba. Ya riƙa kankare ta da wuƙa, ƙasa na zubo masa a fuska. Can sai wuƙar ta tsaya. Sai na ji wani sauti da na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ya fito da wani abu a tafin hannunsa, guntun igiyar rama mai ƙulli, ta yi baƙi da laka. Sandar ta lanƙwashe a tsakiya kamar baka, daidai inda ƙullin yake. Da ta lanƙwashe sai ta gajarta, ta jawo bayan ƙafafun ciki, gabansu ya buɗe. Samarin da ke juya gona guda kafin rana ta take, su suka haɗa ƙarfinsu a kan ƙarfen da bai fi kaurin muciya ba.

Ya tambaye ni wa ya nutse ranar. Na ce Bawa, mai wushirya. Sai da sunan ya fita daga bakina tsoro ya kama ni, na tuna da bel ɗin soja da ke rataye a ɗaki.

Kafin azahar ya kwance sandar, muka kai ta maƙera. Maƙerin ya so ya sa ta a wuta ta yi jajir yadda yake yi wa garma, Baba ya hana. Ya ce a ɗumama wurin lanƙwasar kawai, a bi ta da masaba a hankali, kuma kada a tsoma ta a ruwa, a bar ta ta huce da kanta, don kada ta yi gautsi ta karye a hanya. Ni aka ba zugazugi. Ana bugawa Baba yana ɗaukarta yana mirgina ta a kan shimfiɗaɗɗen dutse yana leƙen ƙarƙashinta, har ta riƙa mirginawa ba ta tsalle. Ya duba ta daga wannan kai zuwa wancan ko akwai tsaga, babu. A gida ya wanke kawunanta da kananzir, ya cusa musu giris, ya mayar da ita. Muka koma kan karanmu. Yana murɗa sandar kaɗan, mu auna gaba, mu auna baya, ya tura motar ta ɗan gangara, mu sake aunawa, har sai da karan ya shiga baya da ɗan sauƙi, a gaba kuwa ya shiga da ƙyar, bambancin bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Sannan ya ɗaure notunan, ya goge sifanoninsa ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce Inna ta zo ta hau. Ba ta son motar, ta ce kayan miyanta na kan wuta, ya ce Saratu ta duba. Ta zauna tana riƙe da ƙofa, ni ina kan cinyarta. Rana ta yi sanyi, dawa ta yi tsawo a gefen hanya hagu da dama, tsaunuka sun yi kore shar. Muka hau hanyar Rikoto. Ya taka, na ji Inna ta matse ni. Ya ƙara takawa. Motar ta miƙe sak kamar an ja zare. Muka taka ramin da ya jefa mu gonar gyaɗa, ta girgiza ta ci gaba da tafiyarta. Sai Baba ya saki sitiyarin, ya ɗaga hannayensa biyu sama cikin iska. Har yanzu suna ɗan rawa, amma motar ba ta kula da su ba. Inna ta ce, "Kofur, riƙe abinka, mun gani." Ya riƙe. Hawaye na bin kumatunsa iska na kwashe su zuwa kunne, ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa a ido.

Ran Litinin ya je asibitin, amma don ya tambayi ranar da motar za ta iso. Rawar hannun ta bi zazzaɓin ta tafi kafin a girbe dawa. Kaka dai har ta mutu tana cewa iskokin ne suka gaji suka fita da kansu.

Da 'yan golmo suka dawo aikin girbi, Baba ya aika a kira masa Bawa. Ya zo yana sanɗa, ya durƙusa nesa, ni kuma na laɓe a bayan rumbu. Baba ya nuna masa guntun igiyar, ya tambaye shi me ya sa ya zaɓi wannan ƙarfen. Bawa ya ce ya laluba ya ji babban, amma ya yi kauri kuma ya nutse a laka, wannan kuwa ya yi daidai da hannu kamar ƙotar garma, ya ga nan ne wurin riƙo. Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce laifin wanda ya zauna a kujera ya ce "ƙarfen gaba" ne, kamar ƙarfe ɗaya ne a gaban. Ya ja shi ƙarƙashin motar ya nuna masa inda ake ɗaurawa da inda ba a taɓawa. Bawa bai fito daga ƙarƙashin mota ba tun daga ranar, in ka ɗebe daminun da ya yi yana yi wa Baba golmo saboda ni. Ya shiga soja ya yi tuƙi, ya dawo ya buɗe garejinsa, kuma duk yaron da ya zo koyon aiki, abin da yake fara koya masa shi ne inda ake ɗaura igiya. Idan mun yi faɗa nakan ce masa mai lanƙwasa ƙarfen mutane, shi kuma ya ce ke dai riƙe tuwonki. Baba ya tuƙa motar asibitin har gashinsa ya yi fari. Da ita ya ɗauko ni daga Wasagu, inda na je gaishe da dangin Bawa naƙudar fari ta kama ni, kuma ko sau ɗaya ban ji ta karkata ba.

Jar motar ta daɗe da mutuwa, masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe ta. An yi kwalbati a kan rafin, 'yan kabu-kabu na wucewa ta kai suna magana a wayar hannu, ba su san akwai laka a ƙasa ba. Ɗana ya ce yanzu na'ura ake ɗora mota a kai ta faɗi inda ƙafa ta karkace, ba mai kwanciya a ƙasa da karan dawa. Golmo ma ya yi ƙaranci, samari sun tafi birni. Duk waɗanda suka ja igiyar nan sun tafi, Bawa ne na ƙarshe, ni kaɗai na rage da ke tuna waƙar da suka ja da ita, kuma ba ni da muryar rera ta. Ina kewarsa safe da yamma, ba na ɓoyewa. Amma idan kukan ya yi mini yawa, nakan koma kan cinyar Inna a hanyar Rikoto, in ga hannayen Baba biyu a sama, mota na tafiya sak. Sai in ji numfashina ya sauka, kamar yadda nasa ya sauka ranar.